Darasi: Abin da uwa ta sha, ɗan cikinta ya sha

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi mabiyiya, wadda waɗansu ke kira mahaifa, watau naman nan da ke fitowa bayan haihuwa. Ita ce ke tsakanin uwa da tayi, cibiya kuma ita ce igiyar da ta haɗa ta da shi.

Ku sani jinin uwa da na tayi ba su cuɗanya. Akwai wani tantani siriri a tsakaninsu, ta cikinsa abinci da iska ke ratsawa. To, amma wannan tantani ba ya rarrabe mai amfani da mai cutarwa. Abin da ƙwayoyinsa suke ƙanana, kuma yake narkewa cikin mai, wucewa yake yi. Shi ya sa giya, da gubar taba, da Tramadol, da mafi yawan magunguna suke isa ga tayi. Masu manyan ƙwayoyi, kamar insulin na masu ciwon suga, su ne kusan ba su ƙetarawa.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne daga sati na 3 zuwa na 8 da shigar ciki, domin a nan ne gaɓoɓi ke tsirowa. Zuciya tana fara bugawa wajen kwana 22, hanyar laka da ƙwaƙwalwa tana rufewa wajen kwana 28. Sau da yawa mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Ko da yake jinin uwa ba ya kwararowa sosai cikin mabiyiya sai wajen sati 10 zuwa 12, magani yana iske tayi tun kafin nan, ta ruwan da ke kewaye da shi.

Akwai abin lura a tarihi. A shekarar 1957 aka fara sayar da thalidomide a Jamus ta Yamma, masu ciki suna shan sa don barci da tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara fiye da 10,000 a ƙasashe daban-daban da nakasa, galibi gajerun hannuwa da ƙafafu.

Saboda haka, matar da al'adarta ta yi jinkiri kada ta sha ƙwayar ƴan talla ko jiƙon da ba ta san abin da ke ciki ba, ta tafi awo da wuri. Wadda ke kan maganin farfaɗiya ko hawan jini kada ta daina da kanta, ta gaya wa likita, domin yankewar ma hatsari ce. Kai kuma maigida, nisanta hayaƙin tabarka da maganin ƙwarin gona daga ɗakinta, ka kai ta asibiti. Amana ce a wuyanka.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya. Amin.