Shawara ga Matasan Likitocin Sokode da Dapaong Masu Son Bincike

Matashin likita da ke aiki a babban asibitin Sokode ko na Dapaong a ƙasar Togo ba sai ya koma Lome zai fara bincike ba. Rajistar asibiti cike take da bayanan sanƙarau na lokacin zafi da zazzaɓin cizon sauro na damina.

Ku haɗu ku biyar ko shida, ku tsayar da rana ɗaya a wata. A kowane zama mutum ɗaya ya kawo tambaya guda, ya bayyana yadda zai tattara bayanai, sauran su tsefe ta ba sani ba sabo. Ku nemi malami daga Jami'ar Kara ya duba lissafinku, ko ta WhatsApp ne. Kada ku taɓa bayanan majinyaci sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ku ɓoye sunaye.

Tattara bayanai da kyau yana da amfani: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta shawo kan cutar tundurmi, a 2022 kuma amosanin ido. Sahihiyar ƙididdiga daga gundumomi ce ta zama hujja.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan'uwa, ku kira zaman farko cikin wannan watan.