Kaguwar Tangaran

Ba duk abin da ya yi kama da kaguwa ne kaguwa ba. A bakin teku, a ƙasashe masu zafi, in ruwa ya janye ka ɗaga dutse, sau da yawa za ka ga wata 'yar halitta ta maƙale a ƙarƙashinsa. Girmanta bai fi farcen babban yatsanka ba. Ana ce mata kaguwar tangaran.

To, yaya za ka gane ta? Ƙidaya ƙafafunta. Ban da hannuwa biyu masu kama da awartaki, kaguwar ainihi tana da ƙafafu 8. Wannan kuwa 6 za ka gani, gama sauran biyun ƙanana ne ƙwarai, ta naɗe su a bayanta. Saboda haka masana suka sa ta cikin wani dangi dabam.

An ba ta wannan suna domin tana da saurin karyewa kamar kwanon tangaran. In abokin gaba ya kama ƙafarta, sai ta bar masa ita ta gudu, daga baya wata ta tsiro.

In ka gama dubawa, ka mayar da dutsen a hankali yadda ka same shi, kada rana ta busar da ita ta mutu.