Yadda Zafin Bazara Ke Ɗaga Filin Jirgin Kano Ya Wuce Na Jos: Lissafin Matuƙa A Wayarka

Darasin yau na masu burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ne, da masu tashin duron a wajen biki, da duk wanda ya taɓa ganin jirgi a sararin Kabo ko Gwarzo ya buɗe Flightradar24 don ya san inda ya dosa. Lissafi ɗaya za mu koya, wanda a makarantar tuƙi za ka ji ana kiransa densiti altitud. Ni a nan zan riƙa ce masa "tudun da jirgi ke ji", saboda ainihin ma'anarsa ke nan.

Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudun ƙafa 1,562 daga matakin teku. Wannan adadi ba ya canzawa. Amma fiffike da inji ba su san taswira ba, kaurin iska kaɗai suka sani. Iska idan ta yi zafi buɗewa take yi ta yi sako-sako, daidai da yadda take yi in ka hau dutse. Saboda haka da tsakar ranar Afrilu, jirgin da ke tsaye a Kano yana shaƙar irin iskar da ya kamata ya tarar can sama sosai. Tambayar ita ce: can sama ina?

Da farko sai a san ma'aunin da duniya ta yarda da shi. An ƙaddara cewa a matakin teku zafin iska digiri 15 ne a ma'aunin Salshiyos, matsinta kuma hektofaskal 1013, sannan zafin yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da ka hau. Kano ba ta cika dacewa da wannan ba, in ban da sanyin asubar hunturu. An kafa shi ne don kowa ya samu wurin da zai fara ƙirga. Bisa wannan ƙa'ida, zafin da ya kamata a samu a filin Kano wajen digiri 12 ne.

Inda za ka samo lambobin

Kowane babban filin jirgi yana fitar da taƙaitaccen rahoton yanayi mai suna METAR, a Najeriya kuma hukumar NiMet ce ke wannan aiki. Lambar filin Kano DNKN ce. Rubuta ta a manhajar AeroWeather ko Windy, za ka ga layi mai kama da wannan, wanda na tsara don misali:

DNKN 151300Z 06008KT CAVOK 40/05 Q1008

151300Z na nufin ranar 15 ga wata, ƙarfe 13:00 agogon GMT, wato biyun rana agogonmu. 06008KT iska ce mai tasowa daga digiri 060, arewa maso gabas ke nan, da gudun not 8. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. CAVOK na cewa gari garau yake. Abin da muke buƙata su ne 40, zafin iska, da 1008, matsinta.

Mataki na farko, gyaran matsi. Cire 1008 daga 1013, saura 5. Kowane hektofaskal ɗaya kusan ƙafa 30 ne, ka samu 150. Ɗora a kan 1,562, ya zama 1,712. Wannan shi ne tudun matsi. Mataki na biyu, gyaran zafi, kuma nan ne maganar take. Ƙa'ida ta ce 12, gari ya ce 40, rarar digiri 28. Kowane digiri ɗaya na rara yana ƙara ƙafa 120. Wato 3,360. Haɗa da 1,712, tudun da jirgi ke ji ya kai wajen ƙafa 5,070.

Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang kusa da Jos, wanda kowa ya san a kan tsauni yake, tudunsa ƙafa 4,232 ne. Ka ga ke nan zafi kaɗai ya ɗauki Kano ya ɗora ta sama da inda Jos take zaune. Dawo da asubar hunturu, zafi 12, matsi 1016, ka sake bugawa: wajen ƙafa 1,470. Titi ɗaya, jirgi ɗaya, bambancin ƙafa 3,600.

Me wannan ke yi wa jirgi?

Duka uku yake sha a lokaci guda. Injin fistan da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, domin iskar da zai ƙona mai da ita ta ragu. Farfela ba ta samun abin da za ta kama sosai. Fiffike kuma sai ya ƙara gudu kafin ya ɗaga nauyin da ya saba ɗagawa.

Wannan na ukun shi ne mai yaudara, kuma ina ganin shi ya fi cancanta ɗalibi ya tsaya a kansa. Agogon gudu na jirgi bugun iska yake aunawa, ba gudun taya ba. Ƙaramin jirgin koyo Cessna 172 ana ɗaga hancinsa ne a not 55. Ko da zafi ko da sanyi, 55 ɗin nan matuƙi zai jira ya gani. Sai dai a iska mara kauri, kafin allurar ta kai 55, ainihin gudun jirgin ya kai wajen 60, don bambancin kusan kashi 2 cikin 100 ne a kowace ƙafa 1,000. Ana neman gudu mafi yawa daga injin da ya fi rauni. Komai a gaban matuƙi lafiya lau yake nunawa, titi ne kawai ke ƙarewa.

Ƙiyasin da malamai ke bayarwa shi ne nisan gudun tashi yana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000, kuma ƙari ne kan ƙari. Cessna 172S cike da kaya yana buƙatar ƙafa 960 a matakin teku kafin taya ta bar ƙasa. A asubar hunturun nan wajen 1,100 zai ci. A ranar Afrilun, ninka 960 da 1.6, wajen 1,540. Tazarar ta fi tsawon filin ƙwallo. Ƙiyasi ne dai. Matuƙi na gaske jadawalin littafin jirginsa yake dubawa, sannan ya ƙara rara a kai.

Ga ƙaramin jirgi a dogon titin Kano mai mita 3,300 wannan ba komai ba ne. Ga babban jirgi mai nauyi magana ta sha bamban, kuma Kano ta ga haka da idonta. Ranar 4 ga Mayun 2002, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC One-Eleven ya tashi zuwa Legas da tsakar rana cikin zafi. Dogon titin yana rufe saboda gyara, don haka gajeren aka bi. Jirgin ya cinye titin bai tashi ba, ya shiga turɓaya, injinansa suka zuƙi ƙura, ya ɗan ɗaga da ƙyar sannan ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Masu bincike sun ɗora laifin a kan kuskuren matuƙa. Hatsari irin wannan ba ya da dalili ɗaya tak, amma gajeren titi da nauyi da zafi su ne abubuwan da lissafin nan ke haɗawa wuri guda. Shi ya sa a wurare masu zafi ake rage kaya ko a jira gari ya yi sanyi. A Yunin 2017 sai da aka soke tashin jirage da dama a birnin Finiks na Amurka, da zafi ya doshi digiri 48, iyakar da aka yarje wa ƙananan jiragen fasinja ƙirar CRJ.

Abin da ke taimakon matuƙi shi ne iskar gaba, tunda tana ba fiffike gudu kyauta. Dubi sunan dogon titin Kano: 06/24, wato digiri 060 ta wannan kai, 240 ta wancan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, titin kuma ya kwanta a kan layinsu. In ka ja layi a Google Maps daga filin ka bi digiri 240, kusan a kan Kabo za ka faɗa. Af, kada ka ɗauka iskar damina mai laima ta fi kauri. Tururin ruwa ya fi busasshiyar iska rashin nauyi, don haka laima ƙara dagula lissafin take yi, ko da yake kaɗan ne.

Gwada na garinku

Gwarzo da Kabo ba su da METAR, amma ba a rasa dabara. Wasu wayoyi, kamar iPhone da manyan Samsung Galaxy da Pixel, suna da na'urar auna matsin iska a ciki, manhajar phyphox kuma tana karanta ta. Lambar da za ta ba ka matsin inda kake tsaye ne, ba wanda aka gyara zuwa matakin teku ba. Cire ta daga 1013 ka ninka da 28, ka samu tudun matsi kai tsaye. In ta nuna 950, wato 63 sau 28, ƙafa 1,764. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba su da ita. In taka na cikinsu, ɗauki tudun garin daga GPS, ninka mitocin da 3.28 su koma ƙafa, ka ari matsin Kano na wannan awar. Zafi kuwa, kada ka yarda da manhajar da ke cewa tana auna shi, na batir take karanta maka. Nemi tamomita ka ajiye a inuwa.

Ga shi a Python, zai yi aiki a Pydroid 3:

tudu = 1562
matsi = 1008
zafi = 40
tudun_matsi = tudu + (1013 - matsi) * 30
kaida = 15 - 2 * tudun_matsi / 1000
print(tudun_matsi + 120 * (zafi - kaida))

Zai ba ka 5,123 maimakon 5,070, saboda kwamfuta ba ta cike 11.6 ya zama 12 kamar yadda muka yi da ka.

Masu duron, ku ma abin ya shafe ku. A iska mara kauri farfeloli sai sun ƙara juyi kafin duron ya tsaya cak, batir kuma ya fi saurin zuƙewa, ga shi da ma yawancin ƙananan DJI digiri 40 ne iyakar zafin da kamfanin ya rubuta musu. In ɗaurin auren na bayan azahar ne a bazara, kada ka lissafa da mintocin da ke jikin kwali. Auna lokacin da batir ɗaya ya ɗauka da safe, ka sake aunawa da ƙarfe biyu, ka rubuta tudun da duron ke ji kusa da kowanne.