Darasi: Tafiyar dutsen majajjawa

A ƙasar Bune, in hatsi ya fara nuna, yara na korar tsuntsaye da majajjawa. Ina dabarar jifa mai nisa?

Dutsen da aka jefa yana tafiya gaba, ƙasa kuma tana jawo shi. Shi ya sa hanyarsa take lanƙwasa kamar baka.

In an jefa shi ƙasa-ƙasa, nan da nan zai faɗi. In an cilla shi sama sosai, kusa zai sauko. Jifa mafi nisa yana tsakanin biyun, wato digiri 45. Galile, masanin Italiya, ya bayyana haka a 1638.

Hattara: dutse na saukowa da kusan ƙarfin da ya tashi da shi. A duba mutane kafin jifa.

Tambaya: Mi ke jawo dutse ƙasa?