Darasi: Baka da Kibiyarsa

Mu duka mun san baka da kwari. Kakanninmu sun tsare ganuwar Kano da su, har zuwa 1903 da Turawa suka ci birnin da bindiga. Maharba suna tsare gona da su daga birai da aladun daji. Shugabansu shi ake kira Sarkin Baka.

Yau za mu koyi abu guda: kowane baka da irin kibiyar da ta dace da shi.

Kibiya kashi biyu ce. Akwai kyauro, akwai kan ƙarfe wanda maƙeri ya ƙera. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin kanta shi ke jan ta gaba.

In muka saki tsirkiya, sai ta tura kyauro da ƙarfi. Kan ƙarfe yana da nauyi, ba ya tashi nan take. Saboda haka kyauro yakan lanƙwasa kaɗan, sa'an nan ya miƙe. Ido ba ya ganin wannan don sauri.

In kyauro ya yi laushi, zai lanƙwasa da yawa, kibiya ta kauce. Wani lokaci ma ya karye, ya soki hannun maharbi. In kuma ya yi tauri ainun, ba zai lanƙwasa yadda ya kamata ba, kibiya ta bi gefe. Dabba ta tsere da rauni, an yi asara.

Mu riƙe dokoki uku:

1. Baka mai ƙarfi yana son kyauro mai tauri.
2. Kai mai nauyi yana ƙara wa kyauro lanƙwasa.
3. Dogon kyauro ya fi gajere laushi.

To, in kibiya ta yi laushi, mu rage tsawonta kaɗan, ko mu sa mata kai marar nauyi. In ta yi tauri, mu sa kai mai nauyi.

Masu wasan harbi a Turai da Amurka suna awon wannan. Sukan ɗora kibiya kan abu biyu, tsakaninsu inci 28. Su rataya nauyin giram 880 a tsakiya, su auna lanƙwasarta. Mu ma muna iyawa da turaku biyu da dutse guda. Kyauron da suka lanƙwasa daidai da juna, su za mu zuba a kwari ɗaya.

In mun shiga birni cin Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa, kada mu sayi kibiya don kyaun ido. Mu gwada ta tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. Me ke sa kyauro ya lanƙwasa?
2. Wane irin kyauro baka mai ƙarfi ke so?
3. In kibiya ta yi laushi, me za mu yi?

Mu rubuta: baka, kwari, kibiya, kyauro, tsirkiya.