Ƙwayar Farko Daga Hannun Aboki Take Fitowa

'Ya'yana matasan Yola da Jimeta, maza da mata, ku ba ni aron kunnuwanku, ba faɗa zan yi muku ba. Maganar shaye-shaye ce, kuma na san kun sha jin ta a masallaci da coci da rediyo har ta fara gundurar ku. Abin da nake so in ƙara shi ne wannan: duk ƙoƙarin da manya suke yi a garin nan yana da iyakar da ba ya wucewa, kuma daga wannan iyaka aikin ya koma hannunku.

Mu fara da girman abin. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018, an gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su tramol. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Waɗannan ba baƙi ba ne. Akwai nasu kason a Doubeli da Jambutu, a Luggere da Nassarawo, a Wuro Hausa da Shagari, a gidan mai kuɗi da gidan talaka.

Na san ba kowa ne ya fara don iskanci ba. Wani yana tuƙa Keke Napep tun asuba har dare. Wani yana lodin yashi a bakin Binuwai, wani yana noman rani a Geriyo, wani kuma karatun jarrabawa ne ya sha masa kai. Sai abokinsa ya miƙo masa tramol ya ce, "Sha wannan, ba za ka ji gajiya ba." Gaskiya ne ranar ba zai ji ba. Amma gajiyar tana nan, ƙwaƙwalwa ce kawai aka hana ta sanarwa. Tramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 225. Jiki yana sabawa da shi, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma uku. Yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. Ranar da mutum ya rasa shi sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa. Wanda ya fara sha don ya yi aiki, ƙarshenta sai ya koma yin aiki don ya samu na sha.

'Ya'yana mata, ku ma abin bai bar ku ba. Maganin tari mai kodin ya shiga ɗakunan 'yan mata da matan aure, ana zuba shi cikin lemo ana sha a wajen biki ba wanda ya lura. Bayan rahoton BBC na 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na shekarar. An rufe ƙofa ɗaya, masu sayarwa suka nemi wata. Ga sholisho, ga rochi, ga sukudaye. Kuma duk mai zaune a Jimeta ya san abin da 'yan Shila suka jawo wa mutane na ƙwacen waya da sara. Yaron da yake cikin hayyacinsa, da wuya ya zare wuƙa a kan 'yar maƙwabcinsa saboda waya.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana ƙarƙashin ɗan jihar nan, Janar Buba Marwa, tun Janairun 2021. A ranar 26 ga Yunin 2021 aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye na WADA, wanda ya fitar da jami'an hukumar daga kame kaɗai zuwa wayar da kai a makarantu da tashoshin mota da kasuwanni da wuraren ibada. Limamai suna huɗuba, fastoci suna wa'azi, hakimai da masu unguwa suna kiran iyaye, 'yan banga suna sintiri.

Akwai kuma wani darasi da garin nan ya koyar da kansa. A 2012 Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta haɗu da malaman Musulunci da na Kirista da sauran shugabannin al'umma suka kafa ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa Peace Initiative. Suka tara matasa daga unguwanni daban-daban a filin ƙwallo, suka kuma buɗe shirin ciyar da almajirai tare da koya musu karatu. Ba don ƙwaya aka kafa ta ba, amma maganin ɗaya ne: matashin da yake da wurin zuwa da yamma, da wanda zai tambaya in bai zo ba, ba ya saurin ɓata. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, mutanen Yola da Jimeta suka buɗe gidajensu, mafi yawan 'yan gudun hijira a cikin gidajen jama'a suka zauna, ba a sansani ba. Garin da ya iya riƙe baƙi haka ba zai kasa riƙe 'ya'yansa ba.

To amma ku dubi inda iyakar take. Liman ba ya zama a majalisarku bayan isha'i. Jami'in NDLEA ba ya cikin ɗakin kwanan ɗalibai. Mahaifiyarka ba ta san abin da aka zuba a robar lemo ba. Ku ne kuke wurin. Dillali ba ya tallar hajarsa ga wanda bai taɓa sha ba, aboki ne yake kai masa ciniki. Shi ya sa magabata suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka ga roƙona. In an miƙo maka, ka ce a'a da bakinka, a fili, ba tare da kame-kame ba. Sau da yawa akwai wani a wurin da yake jiran ya ji mutum ɗaya ya ƙi, shi ma ya samu ƙarfin ƙi. Kada ka zama mai miƙawa ko da wasa, kada kuma a aike ka kemis sayen abin da likita bai rubuta ba. Lokacin zaɓe, in an ba ku kuɗi da ƙwaya don ku raka wani, ku tambayi kanku me ya sa bai kira ɗan cikinsa ba. Ku riƙe ƙungiyar ƙwallon unguwa, ku shiga aikin gayya, ku je wajen mai sana'a ku koya, ku ja ƙannenku ku tafi da su.

In kuwa abokinka ya riga ya faɗa, kada ka guje shi, kada kuma ka rufa masa asirin da zai kashe shi. Ka yi masa magana ku biyu, lokacin da yake cikin hayyacinsa. In abin ya fi ƙarfinka, ka nemi babba mai riƙon amana, kawu ko inna ko malami. Jaraba cuta ce, kuma tana da magani a asibiti, wajen likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara. Mari da duka ba magani ba ne. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, alhali iyayensu gyara suka kai su.

Kai kuma ɗana, ke kuma 'yata, da kuke karanta wannan alhali kun san da ku nake, ba ku lalace ba, kuma ba mu yafe ku ga titi ba. Mutane da yawa sun daina, sun yi aure, suna riƙe da gidajensu. In ka daina ka sake komawa, ka sake tashi. Yau ɗin nan ka nemi mutum ɗaya da ka yarda da shi ka faɗa masa gaskiya. Allah Ya tsare mana ku, Ya yi muku albarka, Ya sa ku zama masu jan 'yan'uwanku zuwa ga alheri.