Daga bangon ɗaki zuwa dutse: tambayoyin da za a yi wa yaro kafin ya fita



A zaman kwamitin lafiya na watan jiya wata uwa ta kawo mana ƙorafi. Ɗanta mai shekara 17 ya fi shekara guda yana zuwa ɗakin hawan bango a nan Landan. Yanzu lokacin zafi ya zo, abokansa sun ce a fita a hau dutse na gaske. Ita ta ce sam, shi kuma ya ce ai duk abu ɗaya ne. Mun ga kowannensu akwai inda ya kuskure, kuma ba a gidanta kaɗai ake wannan jayayya ba.

Mu fara da Hajiya. Wasan nan ba shashanci ba ne. Yana ƙarfafa hannu da baya da ƙafa, yana raba yaro da waya na sa'o'i. An shigar da shi gasar Olamfik a Tokyo a 2021, kuma a Faris a 2024 wani matashin Birtaniya mai shekara 19, Toby Roberts, ya ci lambar zinariya. Mu da muka tashi muna hawan mangwaro a Nima da Sabon Zongo ba tare da igiya ba, ba mu da bakin hana jikokinmu. In ma an hana, yaro zai tafi a ɓoye da wanda bai iya ba, wannan ne abin tsoro.

Shi kuma yaron kuskurensa ya fi girma. A cikin ɗaki, wani ne ya riga ya yi masa duk tunanin. An ɗaura wuraren kamawa da ƙusa, an shafa musu launi don a san hanya, an shimfiɗa katifa mai kauri ko'ina, igiya tana rataye an duba ta. A dutse babu launi, babu ma'aikaci mai sa ido, ƙasa kuwa duwatsu ne da saiwar itace. Ɗaki yana koyar da ƙarfi, amma ba ya koyar da yadda ake kafa igiya a saman dutse ta ɗauki nauyin mutum. Shi ya sa wanda ya fi gwaninta a ɗaki ya fi ba mu tsoro: yana da ƙarfin da zai kai shi sama sosai kafin ya gane bai san yadda zai sauko ba.

Don haka tambaya ta farko: wa zai kai ku? "Abokina ya taɓa zuwa" ba amsa ba ce. A nemi malami mai takardar Rock Climbing Instructor daga hukumar Mountain Training, ko ƙungiyar mahaya da ke ƙarƙashin BMC, majalisar mahaya duwatsu ta Birtaniya. Ɗakunan hawa da yawa su ma suna shirya ranar fita ta farko da malami. Kuɗin yini ɗaya ne, a biya.

Ta biyu: wane dutse? Na kusa da mu shi ne Harrison's Rocks, gab da Tunbridge Wells. Dutsen yashi ne mai laushi, don haka a can daga sama ake rataye igiya, mai hawa yana ɗaure tun daga ƙasa. Ya dace da ɗan koyo. Amma kada a hau shi a jiƙe, domin dutsen yashi in ya sha ruwa yakan ɓalle a hannu. Idan kuwa yaro ya ce Stanage Edge za su je, kusa da Shefil, to maganar ta sauya. A can babu ƙarfen da aka dasa a jikin dutse. Mai hawa ne ke cusa ƙarafansa a tsaga yana tafiya, kuma in bai sa su daidai ba, faɗuwa ɗaya za su fice. Wannan ilimi ne na watanni a bayan wanda ya iya.

Hular kwano dole ce, har ga wanda ke tsaye a ƙasa yana riƙe da igiya, saboda tsakuwa kan faɗo daga sama. Kafin a tashi daga ƙasa, mai hawa da mai riƙe igiya su duba ƙullin juna da ɗamarar juna. A kuma ƙulla ƙarshen igiyar da ke ƙasa. Ƙaramin abu ne, amma mutane sun rasa rai saboda igiya ta ƙare ta zare daga hannun mai saukar da su. Masu hawan gajeren dutse ba igiya su tuna katifarsu ta hannu ba ta fi tabarmar salla girma sosai ba, kuma idon sawu ne yakan fara karyewa. A fara da hanya mai sauƙi ƙwarai, ƙasa da abin da aka saba a ɗaki. Ba abin kunya ba ne.

Akwai abin da yara ba sa tunawa: kaska. Tana cikin ciyawa da dazukan Birtaniya, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. In an dawo gida a duba jiki, musamman bayan gwiwa da hamata da ƙugu. A cire ta da hantsaki daga gindinta, a ja a hankali, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. Alamar cutar zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu. A fatarmu ba lallai ya yi ja ba, yana iya kama da ƙurma. In ga tabo ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ga likita, a gaya masa an je daji.

Ranar azumi ba ranar fitar farko ba ce, ƙishirwa tana rage natsuwa. Mai asma ko ciwon suga ya tafi da maganinsa, ya kuma sanar da malamin.

Kafin ya fita, ya rubuta wa gida sunan dutsen da lokacin dawowa. In hatsari ya faru a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce Mountain Rescue. 'Yan sa kai ne, ba sa karɓar kuɗi. Wasu wuraren layin waya ba shi da ƙarfi, don haka tun a gida a aika kalmar "register" zuwa 999 ta saƙon tes, a bi umarnin da zai dawo, ta yadda za a iya neman agaji da saƙo in kira ya ƙi shiga.